Ƙanƙara a Turmin Adda

Zafin bana ya fara tun mangwaro bai nuna ba, da aka shiga watan huɗu kuwa abin ya wuce magana. Kogin Binuwai ya ja baya ya bar farin rairayi, kwalta tana laushi a ƙarƙashin taya. Umair direban Keke Napep ne a Jimeta, kuma in rana ta take sai ya shimfiɗa jiƙaƙƙen tawul a kan kujera kafin ya iya zama.

A cikin wannan zafi ne zazzaɓi ya kwantar da mahaifiyarsa a Wuro Hausa, can cikin garin Yola. An kai ta asibiti, an yi mata ƙarin ruwa, aka sallamo ta da sharaɗi ɗaya: ta riƙa shan abu mai ruwa da yawa. In ta ƙi, likita ya ce a mayar da ita. Ita kuwa ba abin da ta tsana kamar gadon asibiti, inda baƙin maza ke kama mata hannu suna neman jijiya. To amma kunu in ta sha sai ya dawo, fura ta ce tana yi mata nauyi, ruwan randa ta ce ɗaci yake mata. Leɓenta duk ya bushe ya tsattsage. Mahaifin Umair ya riga ya faɗa, in aka wayi gari a haka, asibiti za a koma.

Umair shi ne ɗanta na fari. Sunanta Huseina, shi kuma Adda yake ce mata, kamar yayarsa, don haka ake yi a gidansu. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Da aka yaye shi aka ba wa Gogo, ƙanwar mahaifinsa, ta tafi da shi Jimeta ta raine shi. In ya zo gaisuwa a bakin ƙofa yake durƙusawa, Adda ta amsa tana kallon wani wuri. In tana son a ba shi abinci sai ta ce wa wata, a zuba wa mai keken nan. Ya san kunyar ɗan fari ce, ya san ba ƙi ba ne. Sai dai sani ne irin na abin da aka gaya wa mutum, don shi bai taɓa zama a gidan ya daɗe ba.

A gidan hayar da ya tashi, ɗakin da ke kusa da na Gogo na Malama Selina ne, mutumiyar Numan da ta yi ritaya daga koyarwa, tana sayar da zoɓo da kunun aya daga firizarta. Ɗanta Ephraim abokin Umair ne tun suna yara. Bara da zazzaɓi ya kama ta, Umair ya shiga dubiya ya tarar da Ephraim a bakin gadonta, riƙe da kofi, yana ba ta wani abu mai sanyi da cokali. Tana zaginsa da wasa, tana ce masa hannunsa kamar na mai haƙar rijiya, tana kuma buɗe baki. Umair ya yi sannu ya fita, amma abin ya zauna masa a rai.

Shi ya sa ran nan da safe, maimakon ya fita neman fasinja, ya tsaya a ƙofar Malama Selina ya tambaye ta abin da Ephraim ya ba ta bara.

"Mama naka har yanzu bai sha komai ba?" ta ce da irin Hausarta. Da ya girgiza kai sai ta ajiye mazurarin da ke hannunta, ta ce ya zauna.

Ta yi masa bayani kamar tana gaban allo. Lemon tsami za a matse, amma kada ya danne ɓawon da ƙarfi, kuma ya tsince 'ya'yan tas, don su ke kawo ɗaci. Sukari a narka shi a ɗan ruwan ɗumi tukuna, in aka zuba shi kan ƙanƙara haka nan sai ya kwanta a ƙasa yana ƙaras-ƙaras. Mangwaro nunanne a matse shi a tace da rariya saboda zare, kankana ma haka. Gishiri ɗan kaɗan, abin da yatsu biyu suka ɗauka. Sauran aikin na ƙanƙara ne: a niƙa ta ta yi laushi kamar tsaki, a haɗa a lokacin da za a sha, ba kafin nan ba. Mai zazzaɓi in ya ga ruwa cike da kofi zuciyarsa tashi take yi, amma wannan da cokali ake sha, yana narkewa a baki kafin ciki ya san an yi.

Wuta ta kwana biyu ba ta zo ba, injin markaɗenta ba zai yi aiki ba, ta ce sai dai ya daka a turmi. Ta buɗe firiza ta tona can ƙasa, ta ciro dunƙulen ƙanƙarar da ta ɓoye wa kanta a cikin buhu. Ta naɗe masa ita da tsohon bargo ta sa a kula, ta ce ya gaishe da mai jiki, kuma kada ya tsaya hira a hanya.

Gogo ma za ta dubiya ran nan, sai ta shiga baya ta ɗora kular a cinya. Ta tambaye shi mene ne a ciki, ya ce ƙanƙara ce zai haɗa wa Adda lemo, ta ce Allah ya sa ta sha. Bai faɗa mata sauran abin da ke ransa ba. Shi kansa bai tsaya ya duba shi da kyau ba. Ya sayi lemon tsami da mangwaro a bakin kasuwa, da suka kusa Yola ya tsaya wurin masu lambun bakin tafkin Njuwa da ke kasa kaya a bakin titi, ya zaɓi ƙaramar kankana. Duk ramin da keken ya faɗa sai ya ji kamar ƙanƙarar ce ke raguwa.

Sun tarar da gidan cike da mata. Takalma jere a ƙofar ɗakin Adda, ciki kuwa 'yan dubiya ne, yawancinsu tsofaffi, dangin mahaifinsa daga unguwar Adarawo. Gogo ta shiga wurinsu. Umair ya gaisa daga waje, ya wuce gindin bishiyar darbejiya da ke tsakar gida, ya shimfiɗa kayansa a kan tire.

Yusrah ce ta fara ganinsa, 'yar kawunsa, abokiyar wasansa, wadda ba ta taɓa raga masa ba. Ta zo jinya ne take kwana a gidan. Ta tsaya da tsintsiya a hannu tana kallon yadda yake tsince 'ya'yan lemo da bakin cokali, ta tambaye shi ko keken ya lalace ne ya koma sayar da zoɓo. Ya yi murmushi ya ce ta ara masa rariya da turmi.

"Turmi?" ta ce. "Kai da gemunka? Bari in nemo maka zani ka ɗaura."

Ta kawo masa turmin Adda, wanda ake daka gero a ciki, ba na yaji ba. Ya wanke shi, ya sake wankewa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a ciki. Ya fasa ƙanƙarar gida biyu, ya mayar da rabi cikin bargo, ya naɗe rabi a ƙyallen ya ɗauki taɓarya. Bugun farko ƙanƙarar ta zille ta kusa fita daga turmin. Yusrah ta yi dariya har da riƙe bango, ta ce ko amaryar birni ta fi shi iya riƙe taɓarya. Kunya ta ɗan kama shi, don ya ji hirar ɗakin ta tsaya, ya kuma ga labule ya motsa. Amma ya daure ya ci gaba, a hankali, har ƙarar ta sauya daga ƙwas-ƙwas ta koma taushi.

Da ya buɗe ƙyallen sai ga ta fara sol, lallausa, tana hayaƙin sanyi. Ya kwashe cikin kofin silba, ya kwarara ruwan lemon da mangwaron a kai, ya ɗiga na kankana. Launin ya fito ruwan ɗorawa da ja-ja a gefe. Yusrah ta daina dariya, ta miƙo hannu ta ce ya kawo ta kai mata.

Da ya ba ta, da shi ke nan. Amma sai ya ce a'a, shi zai kai.

Ya cire takalmi ya yi sallama ya shiga. Bai tsaya a bakin ƙofa inda ya saba tsayawa ba. Ya ratsa ta tsakanin ƙafafun tsofaffin, ya isa bakin gado ya durƙusa, kusa da ita fiye da yadda ya taɓa yi tun yana da wayo. Ya ga yadda idonta ya faɗa, ya ga tsagar leɓen. Ya ɗebo da cokali ya kai kusa da bakinta.

"Adda, ki buɗe baki ki ɗan taɓa. Ni na haɗa miki."

Ɗakin ya yi tsit, har mai fifita da mafici ta tsaya. Adda ta dube shi, kallo ɗaya, irin na wanda aka buɗe wa ƙofar banɗaki. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska ta juya wajen bango. Gefen mayafin ya taɓa cokalin, abin ya zube a kan zanin gado, ya fara narkewa yana yaɗuwa.

Wata ta yi 'yar dariya a cikin hanci ta haɗiye. Babbar cikinsu, yayar kakansa, ta gyara zama ta yi magana da Fulatanci a hankali, ba da shi take ba, da Gogo take. Umair yana jin Fulatanci ko da bakinsa bai saba da shi ba. Cewa ta yi ashe haka ake renon yara a Jimeta, ɗan fari ya zo ya ba uwarsa abinci a baki a gaban surukanta. Ta ce laifin ba na yaro ba ne, yaro abin da ya gani yake yi.

Gogo ta sunkuyar da kai tana murza bakin gyalenta, matar da duk gidan hayarsu ba mai iya ja da ita.

Bai san yadda ya fito ba. Ya dai ga kansa a bayan ɗakin girki, inda ake tara itace, tsugune da kofin a hannu, ba takalmi a ƙafarsa. Ƙasar wurin tana ƙona masa tafin ƙafa amma bai matsa ba. Kunnuwansa sun yi zafi. Abin da ya fi ci masa rai ba dariyar ba ce. Ya zo ne don ta sha, ga shi yanzu ko ruwan da take ɗan kurɓa ba za ta iya ɗaga kai ta karɓa ba, muddin matan nan suna zaune. Ya kunyata mara lafiya a kan gadonta, ya jawo wa Gogo magana a cikin danginta, duk don yana son ya ga ta buɗe baki kamar yadda Malama Selina ta buɗe wa Ephraim. Da ya duba cikin kofin, ƙanƙarar ta zama ruwa, 'yan ƙudaje sun fara zagaye.

Ya daɗe a nan. Ya ji an kira la'asar, ya ji matan suna fitowa suna neman takalmansu, suna sallama. Ya ƙara matsewa jikin itacen kada wata ta hango shi.

Gogo ce ta zo ta same shi, riƙe da takalmansa. Ta ajiye masa su a gabansa. Ya jira faɗa, bai samu ba, kuma da ta yi faɗan da ya fi masa sauƙi. Ya ce ta yi haƙuri. Ta ce maganar tsohuwa ba yau ta fara jin ta ba, ya bar wannan. Ta karɓi kofin ta ɗanɗana abin da ya narke, ta ce ai kuwa da daɗi.

Sannan ta zauna a kan wani gungume ta gaya masa abin da bai sani ba. Lokacin yana ƙarami, Adda takan zo Jimeta ta ce ta zo sayen zare, alhali ga zare a kasuwar Yola. Ta zauna a ɗakin Gogo har yamma, ba ta ɗauke shi, ba ta kallonsa, sai in ya juya baya. In za ta tafi ta ce wa Gogo takalmin yaron nan ya matse shi.

"Ita haka take nata," in ji Gogo. "Kai kuma ka zo mata da na wasu. Akwai sauran ƙanƙarar?"

Ya ce akwai rabi, in ba ta narke ba. Ta ce to ya tashi ya sake dakawa. Ya ce Adda za ta ji ƙarar turmin, za ta san shi ne. Gogo ta ce ai tun ɗazu ta sani, kuma ba sanin ne damuwar ba. In ya gama ya ba Yusrah, ya ce nata ne, ya ɗaga murya yadda za a ji daga ɗaki. Daga nan ya fita ya tayar da kekensa ya bar unguwar, Adda ta ji tafiyarsa da kunnenta.

Rabin da ya rage ya ragu ƙwarai, bargon ya jiƙe sharkaf. Abin da ya samu bai fi dunƙulen hannu biyu ba. Ya wanke kofin, ya sake matse lemo, yana sauri har 'ya'ya suka faɗa ciki ya tsaya tsincewa. Wannan karon Yusrah ba ta tsokane shi ba, ita ta riƙe masa rariyar ma, kuma shirun nata ya ƙara masa nauyi. Ya yi dakan yana kallon cikin turmi kawai, bai ko waiwayi labulen ba.

Da ya haɗa ya miƙa mata, ya tsaya yana goge hannu. Sai da ta harare shi sannan ya ce, da ƙarfi fiye da yadda ya yi niyya, "Yusrah, ga naki. Ni na tafi."

"Allah ya kiyaye hanya, mai zoɓo," ta ce, ita ma da ƙarfi.

Ya fita ya tayar da keken, ya ɗan murza totur don ƙarar ta shiga gida, ya bi layin har ƙarshe ya karya kwana. A gindin wata tsamiya kusa da masallacin unguwar ya tsaya ya kashe. Ya yi la'asar ɗinsa da ta makara, ya dawo ya zauna a kujerar baya. Mutum biyu suka zo suna tambayar Jimeta, ya ce ba ya aiki. Yana zaune yana lissafin yadda ƙanƙara ke narkewa a irin wannan zafi: in Adda ta yi jinkiri kaɗan ruwa za ta tarar, ruwa kuwa ba za ta sha ba. Ya tuna kallon da ta yi masa, ya rufe fuska da tafin hannu, ko da yake ba mai ganinsa.

Rana ta yi sanyi, inuwar tsamiyar ta tsallaka titi, sannan ya hango Gogo tana tahowa da kular a hannu. Ya sauko ya karɓa, ya ji ta sakayau. Ta shiga ta zauna ta ce su tafi kada magariba ta same su a hanya. Suka fita daga Wuro Hausa, suka hau babban titi, iska mai ɗumi tana shigowa ta gefe. Gogo tana ta kallon masu lambu suna kwashe kayansu.

Sai da suka yi nisa ta buɗe kular ta ciro kofin silbar, ta miƙo masa ta kan kafaɗarsa. Ya karɓa da hannu ɗaya ya duba. Ba komai a ciki sai cokalin.

Ta ce Yusrah ta shiga ta ajiye kofin a bakin gado ta ce ita sanyi yana taɓa mata haƙori, ta fita shara. Ita Gogo ta tayar da salla ta ba gadon baya. Tana cikin salla ta ji cokali yana taɓa kofi, a hankali, ana yi ana hutawa. Ta ja sallar ta yi tsawo, ta ƙara da tasbihi, har ta ji ana kankare ƙasan kofin. Kuma abin da Adda ta sha bai dawo ba. Daga baya ma ta nemi ruwa ta kurɓa. Mahaifinsa da ya shigo ya ji, ya ce to a bar maganar asibiti a ga gobe.

Umair ya ce alhamdu lillahi, ya sa kofin a tsakanin cinyoyinsa. Titin ya ɗan yi masa hazo-hazo, ya rage gudu.

"Ta ba da saƙo," in ji Gogo. "Ba ni ta ba, bango ta gaya wa. Ta ce in mai keken nan zai shigo Yola gobe, lemon tsamin ya ɗan yi yawa."

Ya yi 'yar dariya, kunyar kuma ta sake taso masa. Ya tambaya ko tsofaffin Adarawo za su dawo gobe. Gogo ta ce ƙila. Ya ce to shi a zaure zai tsaya, Yusrah ta fito masa da turmin can.

Gogo ta ce hakan ya yi. Ta ce kuma in sun isa ya fara leƙa Malama Selina, ya ji ko an kawo wuta.